Abin Da Kifi Ya Bari

Ƙarfe huɗu na asuba a Grimsby,
tsuntsayen teku na faɗa a kan rufin ma'aikata.
Na sa farar riga, na cusa kallabi cikin hular raga.
Doreen Tasker ta turo mini akwatin kifi da ƙafa,
ƙanƙarar cikinsa tana narkewa.

Aikina in yanki tsoka kamar ƙwayar gyaɗa,
in niƙa, in tace, in ɗura wa na'ura,
in jira layi ya hau allo ya yi tozo.
Tozon nan shi ne inosinat.
In ya miƙe, mota ta sauke kaya.
In ya kwanta, direba ya juya yana zagin kowa.

Gwaggo Tamu, matso in zana miki shi a bayan rasit.
Zobe biyu ne manne da juna,
mai kusurwa shida da mai biyar,
naitirojin huɗu zaune a jikinsu kamar 'yan haya.
Sai wani sukari da ba a sa shi a shayi,
ribos sunansa, kabon ɗinsa biyar.
Fosfet na can a wutsiya,
shi ake goya wa sodiyam biyu
in za a mai da shi farin gari na sayarwa.

Lokacin da kifin ke da rai, abin nan ƙarfi ne.
Fosfet uku ne a jere,
da su yake kaɗa bindi ya keta ruwan arewa mai sanyi.
Ran da numfashi ya tsaya, jiki ya shiga biyan bashi:
fosfet ɗaya ya fita,
na biyu ya bi sahu,
amoniya ta sulale ba sallama.
Abin da ya rage a tsoka, shi muke kira daɗi.
Na fi shekara tara ina auna wannan,
har yau in na tuna sai in ajiye allura, in yi shiru, kafin in ci gaba da aunawa.

Kuma baƙo ne, ba ya kwana da yawa.
Fosfet na ƙarshe ya tafi, sukari ya tafi,
a bar zobba biyu tsirara, masu ɗaci.
Kifin yau nan ya kai.
Na sa hannu, na ce ya koma.
Doreen ta ce, yarinya, mutumin daga Peterhead ya kwana yana tuƙi.
Na ce na sani. Na'urar ba ta san wahalar hanya ba,
ni ma ba a biyana don tausayawa.

Shi kaɗai ba abin kirki ba ne, na taɓa lasa: lami.
Sai ya sami gulutamet.
A harshe akwai wani ɗan akushi mai murfi,
gulutamet ya shige ciki,
inosinat ya zauna a bakin, ya danne murfin,
daɗi ya ninku, ya ƙi saurin wucewa.

Ke kin san haka a Yawuri tun ba a haife ni ba.
Daddawa ƙulli ɗaya, bandar tarwaɗa rabi,
ba kya sa ɗaya ki bar ɗaya.
In an tambaye ki dalili, sai ki ce, to miya ce ko wanka?
Ni sai da na ci bashin karatu
kafin in gane abin da ludayinki ke nunawa.

Jiya Alhaji Ɗanjummai ya bugo daga Hull,
ya ga E631 a ledar taliyar jikansa.
Halas ne? Na ce ya danganta:
wani daga kifi, wani daga nama,
wani ƙwayoyin halitta ne suka ci sitaci suka yi shi.
Ya ce wanne ne nawa?
Na ce, Alhaji, a ƙarƙashin na'ura duk kamarsu ɗaya,
sai dai ka rubuta wa kamfanin, in suna amsawa.

An tashi. Ana yayyafi a titin Freeman.
Na sayi kyafaffen kifi, na hau bas.
Saura ƙulli biyu a daddawar da kika aiko kafin ki kwanta ciwo.
Na ɗauki ɗaya, na sansana, na mayar,
na sake ɗauka.
Ruwa ya riga ya fara tafasowa.